Yadda Ake Sa Firintar Gida Ta Fitar da Launi Daidai a Kan Kowace Takarda

Wata Hajiya ce a layinmu na Aboabo, a Kumasi, ta sa na fara ɗaukar maganar launi da muhimmanci. Ta aiko jikarta da hoton suna a waya, tana son a buga mata guda goma ta raba wa dangi. A hoton tana sanye da shadda ruwan toka, ta rungume jaririn. Na buga, na kai mata da kaina. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗana, ai shaddata ba shunayya ba ce. Kuma wa ya shafa mini jan nan a fuska?" Gaskiyarta. Firintar lafiyarta ƙalau, tawadar ma ita ce ta jiya. Abu ɗaya na canja: takardar da na saba da ita ta ƙare, na sayo wata a Adum, na zuba ban taɓa saitin komai ba.

Ga abin da ya kamata ka sani kafin ka taɓa na'ura. Allon kwamfuta da na waya haske suke fitarwa, suna haɗa ja da kore da shuɗi. Takarda ba ta da hasken kanta, sai wanda ya faɗo mata ta mayar. Firinta kuma tana fesa siyan (shuɗi mai haske), majenta (ja mai ruwan hoda), rawaya da baƙi, ba ta da farar tawada. Duk farin da ka gani a hoto, takardar ce tsirara. Shi ya sa nake ɗaukar takarda a matsayin launi na biyar: kowace da irin farinta, kowace da yadda take shan tawada. Saitin da ya yi wa ɗaya daidai zai ɓata ɗayar, don haka kowace takarda sai ka nema mata nata, ka rubuta.

Kayan aiki

Firinta mai fesa tawada, ko mai tanki ce irin Epson L3250 da Canon PIXMA G3411 da suka cika kasuwa, ko mai launi shida irin Epson L805.

Tawada iri ɗaya, wadda za ka iya sake samu idan ta ƙare.

Takardun da kake aiki da su, aƙalla falle biyar-biyar na gwaji.

Kwamfuta mai cikakkiyar manhajar firintar, wadda aka sauko da ita daga shafin kamfanin. Wadda Windows ke sakawa da kansa sau da yawa ba ta da wuraren gyaran launi. Bugu kai tsaye daga waya ma haka, zaɓin da yake ba ka kaɗan ne.

Hoton gwaji guda ɗaya, wanda ba za ka riƙa canjawa ba. Ka haɗa shi da kanka: fuskoki biyu ko uku na mutanenmu, daga mai duhu sosai zuwa wankan tarwaɗa, da farar riga mai aiki a wuya, da yadi mai launi da yawa irin kente, sai layin ruwan toka mai gida 11, daga baƙi ƙirin zuwa fari fat. Hotunan gwaji da ke intanet galibi fuskokin Turawa ne a ciki, ba za su nuna maka matsalar da za ka haɗu da ita a Zango ba.

Ƙaramin littafi da biro, da roba mai murfi ta ajiye takarda.

Akwai na'urar auna launin allo, irin ta Calibrite ko Datacolor Spyder. Tana da tsada. In babu ita, ido da haƙuri sun isa aikin gida.

1. Ka fara tabbatar kan firintar, wato sashen da tawada ke fitowa, yana fesawa sosai

Shiga manhajar firintar, ɓangaren kula da na'ura, ka danna Nozzle Check a kan takarda ta yau da kullum. Za ta zana layuka na kowane launi. Duba su kusa da ido. In layin rawaya ya tsinke, hotunanka za su karkata zuwa shuɗi. In na majenta ne, fuska za ta yi kore-kore. Mutane da yawa suna kwana suna juya saiti, alhali ƙofa ce ta toshe.

In ka ga tsinkewa, danna Head Cleaning, ka sake gwadawa. Kada ka wuce sau 3 a jere. In bai gyaru ba, bar ta ta huta awa 12 sannan ka koma, domin wani lokaci iska ce ta shiga bututu, sai ta kwanta. Yawan wanki yana cin tawada, yana kuma cika soson da ke tsotse tawadar da aka zubar.

Da hunturu, ƙura da bushewar iska suna toshe kai da wuri, don haka ka rufe firintar da zane, ka buga ko shafi ɗaya mai launi kowane mako. In an ɗauke wuta tana cikin aiki, da zarar an kawo ka kunna ta don kan ya koma mazauninsa ya rufu. Kullum ka kashe ta da maɓallinta, ba daga soket ba.

2. Tsaya a kan tawada ɗaya

Tawada iri biyu ce. Akwai ta rini, mai narkewa cikin ruwa, tana da kyau ainun a takarda mai sheƙi amma rana na kodar da ita. Akwai ta gari, wadda ƙwayoyin launi ne ke yawo cikin ruwa, ta fi jure rana da ruwa. Kada ka zuba ɗaya a kan ɗaya. Ko cikin iri ɗaya, majentar wani kamfani ba ita ce ta wani ba. Ranar da ka canja tawada, duk abin da ka rubuta a littafinka ya zama tsohon labari.

Mai Canon irin G3411 ya lura: baƙin cikinta na gari ne, sauran ukun na rini. Idan ka zaɓi takarda mai sheƙi, firintar ba ta taɓa wannan baƙin, sai ta haɗa launuka ukun ta yi nata. Shi ya sa baƙin hoto ba ya kai na rubutu duhu. Haka aka ƙera ta, ba lalacewa ba ce.

3. Rage hasken allonka

Kukan da na fi ji shi ne, "Hoton ya yi duhu a takarda." Galibi allon ne ya cika haske, sai mutum ya ga hoton ya yi daidai alhali shi kansa mai duhu ne. Buɗe farin shafi a kwamfuta, riƙe farar takarda gefen allon cikin hasken da kake aiki. Rage hasken allon har su biyun su yi kusa da juna. Za ka ga kamar ya dusashe, bayan kwana biyu ido zai saba.

Kashe Night light na Windows da duk wani saiti mai sa allo ya yi ja da daddare ko ya ƙara wa launi ƙarfi. Sai ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta dccw, ka bi matakan daidaita allo da zai nuna maka. Mai laftof ya riƙa buɗe murfin daidai kusurwa ɗaya kullum, domin ɗan sunkuyar da shi kaɗan yana canja duhun hoto. In kana da na'urar aunawa, sa farin allo a 6500K, Gamma a 2.2, haske tsakanin 80 da 120 cd/m², gwargwadon hasken ɗakin.

4. Duba fayil ɗin da aka kawo maka

Ka ce wa mai hoto ya turo ta WhatsApp a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba, don kada a matse shi. Hoton da ya zaga waya biyar kafin ya iso hannunka, inuwar fuskar ta riga ta dunƙule, babu saitin da zai dawo da ita.

Yi aikinka cikin sRGB, ma'aunin launin da HP da Microsoft suka fitar a 1996, wanda manhajojin firintar gida suka fi ganewa. Hoton da ya zo da Adobe RGB daga kyamara, ko Display P3 daga iPhone, mayar da shi sRGB ta Convert to Profile a Photoshop. Kada ka danna Assign Profile, wannan laƙabi kawai yake canjawa, launin sai ya kauce.

Masu CorelDRAW, a nan kuke yawan faɗawa. Kun saba da shirya aiki cikin CMYK, wato siyan, majenta, rawaya da baƙi, saboda manyan injinan ɗab'i na Asafo, kuma can daidai ne. Amma firintar gida, duk da tawadarta CMYK ce, manhajarta RGB take karɓa, wato ja, kore da shuɗi irin na allo, ita ke yin rabon tawada da kanta. In ka ba ta CMYK sai an juya launin sau biyu, shuɗi ya mutu, ja ya koma ruwan ƙasa. Aikin da za a buga a gida, buɗe shi cikin RGB tun farko.

5. Gaya wa firinta gaskiyar takardar da ka sa mata

Wannan matakin ne ya kayar da ni a hoton Hajiya. Wurin da aka rubuta Paper Type ko Media Type ba ado ba ne. Shi ke yanke yawan tawadar da za a fesa da yadda za a gauraya ta.

Takardar ofis mai nauyin giram 80 tana tsotse tawada cikin jikinta, launi ya dusashe, baƙi ya zama toka mai duhu. Zaɓi Plain Paper. Kada ka yaudari firintar da cewa takardar hoto ce don launi ya ƙaru, jiƙewa za ta yi ta lanƙwashe. Ta dace da takardar sanarwa da aikin makaranta, amma ba da fuskar mutum ba.

Takarda marar sheƙi da aka yi wa shafe don tawada, mai nauyin 120 zuwa 230, ita na fi so ga katin gayyatar aure da takardar shaidar saukar karatu. Rubutu yana fita tsaf, ana iya sa hannu a kai da biro, kuma ba ta ƙyalli a ido. Zaɓi Matte. Baƙinta bai kai na mai sheƙi zurfi ba, don haka ka ɗan haska wurare masu duhu na hoton kafin ka buga.

Mai sheƙi kala biyu ce a kasuwa, ko da kwalinsu ya yi kama. Mai araha bayanta takarda ce zalla, kana iya rubutu a kai. Ɗayar, wadda ake rubuta wa RC, bayanta santsi ne kamar roba, ta fi riƙe launi, ba ta lanƙwashewa. A Epson, gwada Photo Paper Glossy da Premium Glossy duka biyu a kan takardarka, ka ga wanda ya fi. Tunda takardun kasuwa ba na kamfanin firintar ba ne, sunan da ya dace da su sai an gwada. In ka ga tawada ta taru ɗigo-ɗigo a wurare masu duhu, an fesa fiye da abin da takardar ke iya sha, sai ka koma wani zaɓin.

Hattara da takardar at (art paper) mai sheƙi da ake yanka wa masu manyan injina. Ido zai ce maka takardar hoto ce, amma shafenta ba na tawadar ruwa ba ne. Tawadar za ta zauna a sama, ko bayan kwana ka shafa ta biyo yatsa. In kwalin bai ce inkjet ba, ajiye ta. Haka ma sitika, akwai ta firintar leza akwai ta mai fesa tawada.

Takardar manna hoto a riga kuwa, kada ka yanke mata hukunci sai an danna ta da zafi a kan yadin, domin launin yadin yana shiga cikin hoton. Ta fararen riguna ana juya hoton kamar a madubi, ta masu duhu ba a juyawa.

In ka rasa gane fuskar takarda marar sheƙi, ɗan jiƙa yatsa ka taɓa kusurwa. Gefen da ya ɗan kama yatsan shi ne na bugu. Sa ingancin bugu a High, ka cire alamar High Speed ko Bidirectional don hoto mai muhimmanci.

6. Mai mulkin launi ya zama ɗaya

Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Ko firinta ta riƙe launi, ko Photoshop ya riƙe. In duka biyun suka sa hannu, hoto ya fito da duhu ko ya rine da majenta.

Hanya ta farko, wadda nake ba mai fara koyo shawara: bar wa firinta. A Photoshop zaɓi Printer Manages Colors. A manhajar Epson shiga More Options, Color Correction, Custom, Advanced, ka zaɓi Color Controls. Kauce wa PhotoEnhance da duk gyaran da na'ura ke yi da kanta, domin tana duba kowane hoto ta yanke nata hukuncin, yau ta haska fuska, gobe ta ƙara ja, ba za ka taɓa samun abu ɗaya sau biyu ba.

Hanya ta biyu ita ce ta furofayil. Wani ɗan fayil ne mai ƙarewa da .icc ko .icm, mai bayanin yadda firinta kaza da tawada kaza ke fita a takarda kaza. Tsarin ya samo asali daga ƙungiyar ICC da aka kafa a 1993. Wasu firintocin hoto suna zuwa da nasu na takardun kamfaninsu, kuma masu yin takarda irin Ilford da Canson suna ba da nasu kyauta, sai dai galibi na manyan firintocin hoto ne. In ka samu wanda ya dace, danna shi da maɓallin dama ka zaɓi Install Profile. A Photoshop zaɓi Photoshop Manages Colors, ka nuna furofayil ɗin, ka sa Relative Colorimetric tare da alamar Black Point Compensation. Hoto mai launuka masu ƙarfi sosai, gwada Perceptual. Sannan, kuma nan ake mantuwa, koma manhajar firinta ka kashe nata gyaran: No Color Adjustment a Epson, None a ƙarƙashin Matching a Canon.

In tawadarka ba ta kamfanin firintar ba ce, furofayil ɗinsu ba zai yi maka daidai ba. Koma hanya ta farko.

7. Buga gwaji, bar shi ya bushe, duba a hasken kirki

Yanka A4 gida huɗu don kada ka yi asarar takarda, kowane yanki ya kusa girman hoton santimita 10 da 15. Buga hoton gwajinka. Nan take ka rubuta a bayansa sunan takarda, abin da ka zaɓa, da kwanan wata.

Kada ka yi hukunci yana fitowa. Tawadar rini tana canja launi yayin bushewa. Ba shi minti 15 kafin kallon farko, hukuncin ƙarshe kuma sai washegari, musamman da damina, lokacin da iskar Kumasi ke cike da laima.

Fita da shi baranda, cikin inuwa, tsakanin hantsi da azahar. Ban da tsakiyar rana kai tsaye, ban da kusa da magariba. Ka nisanci bango mai fenti kore ko shuɗi, yana zuba launinsa a takarda. Masu ɗab'i suna duba aiki a haske mai 5000K, don haka in da dare kake aiki nemi ƙwan LED mai wannan lambar a kwalinsa. Ƙwan da ke ba da haske ruwan ɗorawa zai sa ka rage rawayar da ba ta yi yawa ba.

8. Gyara abu ɗaya a lokaci ɗaya

Fara da layin ruwan toka, kada ka fara da fuska. Kana iya bambance duka gidaje 11? In biyu ko uku na ɓangaren baƙi sun haɗe sun zama baƙi ɗaya, ƙara Brightness kaɗan a manhajar firinta. Wannan ya fi komai muhimmanci ga hotunanmu, domin kamannin mai duhun fata, tudun kunci da layin hanci, duk a waɗannan gidajen suke zaune. In suka haɗe, sai idanu da haƙora kawai a gani. Amma kada ka wuce gona da iri har mutum ya koma toka-toka. Ba haska shi aka ce ka yi ba, fito da shi yadda Allah ya yi shi.

Bayan haske ya zauna, duba ko tokar ta karkata. Launuka suna da abokan gāba: siyan da ja, majenta da kore, rawaya da shuɗi. Toka ta yi ruwan hoda ko shunayya, rage majenta. Ta yi kore, ƙara majenta. Ta yi shuɗi, ƙara rawaya. Ta yi ja, ƙara siyan. Matsa ma'aunin da maki 5, buga, kwatanta da na baya gefe da gefe. In ka wuce, dawo da 2 ko 3. Kada ka taɓa ma'auni biyu tare, ba za ka san wanda ya yi aikin ba.

Idan tokar ta zama toka, mafi yawan lokaci fuska ta gyaru da kanta. Sai ka duba farar rigar: aikin wuyan yana nan, ko ya ɓace cikin fari? In ya ɓace, rage Contrast. Ƙarfin launi, wato Saturation, shi ne na ƙarshe, kuma da wuya nake taɓa shi.

Wani farin mai shuɗi-shuɗi ba daga tawada yake ba. Ana sa wa takardu da yawa sinadarin ƙara fari, kamar bula a wanki. Dubi gefen da ba a buga komai ba. In shi ma haka yake, bar ma'auni, takardar ce.

Da ka samu daidai, adana saitin a manhajar da sunan takardar, ta Add/Remove Presets a Epson. Rubuta lambobin a littafi kuma, ka manna hoton gwajin a shafin, saboda ranar da za a sake wa kwamfuta Windows. Sai ka ɗauki takarda ta gaba ka koma mataki na 5. Takarda uku ko huɗu sun ishi yawancin masu aiki a gida.

9. Launukan da tawada ba ta kaiwa

Akwai shuɗi mai ƙuna da algashi mai walƙiya da allo ke nunawa, waɗanda tawada huɗu ba za ta taɓa kaiwa ba, balle a takarda marar sheƙi. Za ka gamu da su a leshin amare da zaren kente. In kana da furofayil, Photoshop zai nuna maka tun kafin bugu: View, Proof Setup, Custom, zaɓi furofayil ɗin, sai Ctrl da Y su riƙa kunnawa da kashewa. Shift da Ctrl da Y kuma suna shafa toka a wuraren da suka fi ƙarfin firintar. In babu furofayil, buga ƙananan murabba'ai na launukan da kake yawan amfani da su a kowace takarda, ka rubuta lambobin RGB a ƙarƙashinsu. Mai katin aure ya zo, miƙa masa takardar ya zaɓa daga nan, kada ya zaɓa daga allo.

10. Ajiya

Takardar da ta sha laima ba ta karɓar tawada kamar busasshiya, kuma saitinka zai zama kamar ya kauce. Bar ta cikin ledarta, cikin roba mai murfi, a kwance, nesa da ƙasa da bango. Ɗebi iya wadda za ka buga, kada ta kwana a bakin firinta. Riƙe ta ta gefe, maiƙon yatsa yana hana tawada zama.

Hoton da aka gama, shimfiɗa shi ya kwana kafin ka jera wani a kai, ko ka sa shi a firam, ko ka rufe shi da leda mai zafi. Rufewar tana ɗan ƙara wa launi duhu, don haka in aikin na rufewa ne, rufe ɗaya daga cikin na gwajin ka gani tukuna. Ka kuma gaya wa mai hoto kada ya rataye shi inda rana ke bugawa.

Duk lokacin da ka buɗe sabon kwalin takarda, ko da sunan bai canja ba, buga hoton gwajin a yanki ɗaya ka ɗora kusa da wanda ke manne a littafi kafin ka zuba aikin mutane.